Sharhi kan PVGIS: ya san ranar da ke sauka a rufi, bai san lokacin da gida ke shan wuta ba

Duk wanda ya fara tunanin sanya sola a gidansa yana da tambaya ɗaya da ta fi sauran nauyi a ransa, wato a shekara nawa kayan za su mayar da kuɗin da aka kashe musu. Masu sayar da kayan suna da amsa a shirye, kuma galibi amsar tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ne mai saye ya dogara kacokan ga lissafin wanda zai ci riba idan cinikin ya faɗa. Wannan ne ya sa nake ganin ya dace a yi magana a kan PVGIS, manhajar intanet ta kyauta wadda Cibiyar Bincike ta Haɗin Gwiwa ta Hukumar Tarayyar Turai, da ke garin Ispra a Italiya, take kula da ita. Ba ta neman rajista, ba ta tambayar lambar waya, ba ta tallata farantin sola na kowane kamfani, kuma wannan kaɗai ya isa ya bambanta ta da yawancin shafukan lissafi waɗanda ainihin aikinsu shi ne su kai mutum hannun ɗan kasuwa.

Hukuncina a kanta, tun kafin in shiga bayani, shi ne cewa ta ƙware a rabin aikin, rabin da mutum ba zai iya yi da kansa ba, wato ƙiyasta yawan wutar da rufinsa zai bayar. Ɗaya rabin kuwa, na kuɗi, kusan gaba ɗaya ta bar wa mai gida, kuma a can ne ake yin kurakuran da ke mayar da shekara biyar ta koma goma.

Yadda ake aiki da ita babu wahala. Taswirar duniya tana gefen hagu, gurbin cike bayanai yana gefen dama. Mutum zai matsa taswirar har ya kai kan unguwarsu ya danna, ko kuma ya rubuta lambobin wurin idan ya san su. Daga nan sai ya faɗi ƙarfin farantan da yake so a ma'aunin kWp, wato kilowat na ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti, ya zaɓi nau'insu, wanda ga kusan kowane gida silikon ne, ya nuna ko a sarari za a kafa su iska na ratsa ƙarƙashinsu ko kuwa manne da rufi, sannan ya saka karkatarsu da inda suke fuskanta. Cikin daƙiƙa kaɗan sakamako zai fito: jimillar wutar shekara, da zane mai sanduna 12 da ke nuna rabon kowane wata, da wani adadi da nake ƙauna ƙwarai, wanda ke nuna yadda shekara ke bambanta da shekara. Ana iya sauke duk wannan a takardar PDF ko a fayil ɗin CSV domin ci gaba da lissafi.

Akwai wani wuri da sabon shiga ke yawan tuntuɓe. A PVGIS, sifili yana nufin kudu, −90 gabas, +90 kuma yamma, alhali a PVWatts, takwararta ta cibiyar binciken makamashi da ke jihar Kolorado a Amurka, wadda aka sani da NREL, kudu 180 ne. Wanda ya kwafo lamba daga wannan ya kai wancan ba tare da lura ba, to zai juya farantansa baya ga rana. Haka kuma wanda ke kudu da layin da ya raba duniya biyu, arewa farantansa za su fuskanta. Manhajar tana da zaɓin da zai nemo wa mutum karkata da fuskar da suka fi dacewa da wurinsa, kuma yana da kyau a gwada shi, a kwatanta da yadda rufin yake a zahiri, domin sau da yawa za a ga bambancin bai kai a kashe kuɗi wajen ƙera ƙarafan ɗagawa ba.

Ƙarfin manhajar yana cikin inda take samo bayananta. Ga Turai da Afirka da wani sashe na Asiya tana amfani da ma'ajiyar SARAH, wadda aka gina daga hotunan gajimare da taurarin ɗan'adam na Meteosat suke ɗauka, kowane yanki mai faɗin kusan kilomita 5 yana da nasa lissafin sa'a bayan sa'a. Inda taurarin ba su kai ba sai ta koma ga ERA5, bayanan yanayi na cibiyar hasashen yanayi ta Turai. Fitowar manhajar ta 5.3, wadda aka saki a 2024, tana ɗauke da bayanai daga 2005 zuwa 2023. Ke nan adadin da take bayarwa matsakaicin shekaru masu yawa ne, da masu hadari da masu fari, ba na shekara guda mai kyau da aka zaɓo domin burge mai saye ba. Da waɗannan bayanai mutum zai ga cewa kWp 1 yana bayar da kimanin kWh, wato yunit ɗin wuta, 1,000 a shekara a Jamus, yana haura 1,600 a kudancin Sifaniya, yana kuma kaiwa 1,800 ko fiye a yankunan hamada.

Tana kuma lissafa zafi, abin da masu talla ba su cika ambata ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske na wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan digiri 25. A kan rufi da tsakar rana farantin yana iya kaiwa digiri 65, kuma silikon yana rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya ƙaru, wanda ke nufin asarar kusan kashi 14 cikin 100 a daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. PVGIS tana haɗa zafin iska da gudunta ta fitar da wannan asara a layinta na daban, kuma idan mutum ya sauya zaɓi daga kafawa a sarari zuwa mannewa da rufi, zai ga adadin ya ragu a gaban idonsa. Wannan darasi ne da ya cancanci a nuna wa duk mai haɗa sola da ke kwantar da faranti a kan kwano ba tare da barin hanyar iska ba.

Gurbin da ya fi buƙatar hankali shi ne na asarar tsari, wanda manhajar ke cike shi da kashi 14 cikin 100 tun farko. A cikin wannan adadi guda ta dunƙule asarar wayoyi da ta datti da ta tsufan faranti da ta inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti ta zama irin wadda gida ke amfani da ita. PVWatts ta fi ta a nan, domin nata adadin, 14.08, a rarrabe yake, ana ganin kashi 2 na datti, 3 na inuwa, 2 na wayoyi, 3 na lokutan da tsarin ba ya aiki, da sauransu, kuma ana iya gyara kowanne shi kaɗai. Kashi 2 na datti ya dace da wurin da ruwan sama ke wanke faranti a kai a kai. Inda ƙura ke sauka wata da watanni ba tare da ruwa ba, farantin da ba a wankewa yana rasa ninkin wannan sau da dama, don haka ya kamata mai irin wannan wuri ya ɗaga adadin da hannunsa, ko kuma ya sa kuɗin wanki cikin lissafinsa.

Inuwa ma haka take. Manhajar tana zana siffar tsaunukan da suka kewaye wuri, ta ɗora hanyar rana ta watan Yuni da ta Disamba a kai, kuma zanen yana da kyau da amfani ga wanda ke cikin kwari. Sai dai taswirar tudun da take amfani da ita ba ta ganin bishiyar da ke tsakar gida, ko benen maƙwabci, ko tankin ruwan da ke kan rufin kansa. An ba da damar loda fayil mai nuna tsayin abubuwan da ke tare rana ta kowace fuska, amma sai mutum ya hau ya auna da kansa, kuma kaɗan ne ke yin haka. Ina ba da shawara a hau rufin da hantsi, da azahar, da la'asar, a ga inda inuwa ke faɗuwa, domin faranti ɗaya da inuwa ta rufe yana iya janyo sauran 'yan layinsa ƙasa.

A ɓangaren kuɗi, abin da PVGIS ke bayarwa ƙarami ne. Idan aka saka kuɗin tsarin gaba ɗaya, da kuɗin ruwa, da shekarun da ake sa ran zai yi, za ta faɗi nawa kowane kWh ya tsaya wa mai gida. Adadin yana da amfani, amma yana ɗauke da wani zato a ɓoye, cewa duk wutar da faranti ya samar darajarta ɗaya. A gida ba haka abin yake ba. Wutar da aka samar da ƙarfe 12 na rana, lokacin da manya suna wurin aiki yara suna makaranta, babu mai shan ta sai firji, yayin da gidan ke buƙatar wuta sosai da magariba, bayan rana ta faɗi. Yunit ɗin da gida ya sha kai tsaye ya rage masa cikakken farashin da zai biya kamfanin wuta. Wanda ya tura kan layi kuwa, sai abin da dokar wurin ta ce a biya shi, wani wurin kaɗan, wani wurin ma babu ko kaɗan.

Domin a ga girman wannan bambanci zan kawo misali da maki a madadin kuɗi, kowa sai ya mayar da shi zuwa kuɗin ƙasarsu. A ce gida yana shan kWh 6,000 a shekara, an sa masa faranti na kWp 5 a wurin da manhajar ta ce kowane kWp zai ba da 1,600, jimilla 8,000 ke nan. A ce ana sayen yunit daga kamfani a kan maki 10, kamfanin kuma yana karɓar rarar a kan maki 3, tsarin kuma ya ci maki 400,000. Lissafin da ake yawan rubuta wa mai saye shi ne a ninka 8,000 da 10, a samu 80,000 a shekara, a ce masa cikin shekara 5 ya fita. Amma gidan da babu batir, kuma mutanensa ba sa wuni a ciki, yawanci bai cika shan fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da farantinsa ya samar kai tsaye ba. Kashi 30 na 8,000 shi ne 2,400, wanda ya rage masa maki 24,000, sauran 5,600 kuma suka kawo 16,800, jimilla 40,800. Da wannan, shekarun sun kusa kai 10. Idan kuwa wurin ba a biyan komai a kan rara, abin da ya samu 24,000 ne kawai, kuma zai jira fiye da shekara 16. Rufi ɗaya ne, rana ɗaya, faranti iri ɗaya, kuma PVGIS za ta ba da amsa iri ɗaya a dukkan ukun, domin ba ta taɓa tambayar yaushe ake kunna dutsen guga ba.

Farashin rara kuma ba abu ne da ke zaune wuri ɗaya ba, doka ce ke tsara shi, doka kuma tana sauyawa. A jihar Kalifoniya, sabon tsarin da ya fara aiki a watan Afrilun 2023 ya rage abin da ake biyan sababbin masu sola a kan rararsu da kusan kashi 75 cikin 100. A Birtaniya an rufe tsohon tsarin tallafi ga sababbin masu nema a ƙarshen Maris 2019, aka kawo wani a Janairun 2020 wanda ya bar wa kamfanoni su yanke farashin da kansu. Wanda ya gina lissafin shekara 25 a kan farashin rara na yau ya kamata ya tambaya ko an ba shi tabbacin wannan farashi a rubuce, kuma na tsawon wane lokaci.

Hanya mafi arha ta gyara wannan lissafi ba ta buƙatar sayen komai. Idan a misalin da ya gabata aka mayar da wanki da guga da buga ruwa zuwa tanki da dumama ruwa zuwa tsakar rana, har kason da gida ke sha kai tsaye ya tashi daga 30 zuwa 45, an ƙara kWh 1,200 da kowanne ya tashi daga maki 3 zuwa 10, ribar maki 8,400 ke nan a shekara. A nan ne nake ganin amfanin fayil ɗin sa'a bayan sa'a da PVGIS ke bayarwa, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Yana fitar da wutar kowace sa'a ta shekarun da aka zaɓa, layi 8,760 ga kowace shekara. Idan mai gida ya karanta mitarsa da safe da yamma da dare na wasu makonni, a lokacin zafi da lokacin sanyi, ko ya nemi bayanan mitar zamani idan yana da ita, zai iya jera shan wutarsa kusa da abin da faranti ke samarwa, ya ɗauki ƙaramin adadi a kowace sa'a, ya tara. Abin da ya fito shi ne ainihin kasonsa, ba na wani gida da aka ƙiyasta ba. Aikin yana cin lokaci, amma zuwa da kai ya fi aike, kuma babu wani adadi a cikin lissafin duka da ya kai wannan tasiri.

Batir shi ne inda na fi so mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin shi ne sau da yawa ke cin kaso mai tsoka na kuɗin, shi ne kuma ake yawan ɓoye lissafinsa a cikin na faranti. Batir randa ce, ba rijiya ba. Ba ya samar da wuta ko yunit ɗaya, abin da aka zuba masa yake ajiyewa, kuma ba ya mayar da shi duka. Na lithiyam, musamman nau'in LFP da ya mamaye kasuwar gidaje, yana mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 ko ɗan sama da haka, kuma ana iya shanye kashi 80 zuwa 90 na cikinsa. Na dalma, wanda aka fi sani da batir mai ruwa, yana mayar da ƙasa da haka, kuma idan ana son ya daɗe ba a wuce rabinsa, ga shi kuma zafi yana cin rayuwarsa, domin ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba shekarunsa biyu.

Ribar batir ita ce tazarar da ke tsakanin darajar wuta da rana da darajarta da dare, a ninka da yawan zagayen cika da ƙarewa da yake yi, a cire asara. A koma ga gidan misalinmu, a ƙara masa batir na kWh 10 da ake shan 9 daga ciki, ya ci maki 250,000, yana cika ya ƙare kwana 300 a shekara. Zai ba gidan kWh 2,700, wanda ya rage maki 27,000 daga takardar wuta, amma sai da ya sha 3,000 kafin ya ba da wannan, kuma da an sayar da su da sun kawo 9,000. Ribarsa ta gaskiya 18,000 ce, wato kusan shekara 14 kafin ya mayar da kuɗinsa, alhali garantin yawancin batiran gida shekara 10 ne. Masu ƙera LFP suna ambaton zagaye 6,000, wanda a zagaye ɗaya kullum ya haura shekara 16, kuma mai yiwuwa batirin ya kai, sai dai zai kai ne ƙarfinsa ya ragu, kuma ba tare da kowa ya tsaya masa ba. Idan aka haɗa faranti da batir a lissafi ɗaya, maki 650,000 a kan 58,800 a shekara, za a samu shekara 11, adadin da ba ya tayar da hankali, amma ya rufe gaskiyar cewa farantin ne ke ɗauke da batirin a kafaɗa. Dole a yi lissafin sau biyu, da batir da kuma babu shi, a duba abin da ƙarin kuɗin ya sayo.

Wannan ba ya nufin batir asara ne a ko'ina, kuma zan so a fahimce ni sosai. Inda ba a biyan rara, batirin nan ba ya hana gidan komai, ribarsa 27,000 ce cif, shekarunsa kuma sun sauko kusa da 9. Inda farashin wuta ke tashi da yamma ya sauka da rana, tazarar tana ƙara faɗi. Inda kuma wuta ke yawan ɗaukewa, abin da batir ke maye gurbinsa janareta ne, kuma ƙaramin janareta na gida da ƙyar yake fitar da kWh 3 daga litar mai, ban da kuɗin baƙin mai da na gyara. Idan yunit ɗin janareta ya tsaya a maki 30, kuma duk abin da batirin ya bayar na janareta ya maye, ribar ta kai 72,000 a shekara bayan an cire 9,000 ɗin rara, kuɗin kuma zai dawo cikin shekara uku da rabi. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi, kamar maganin da bai lalace a firji ba, da barcin da ƙara ba ta katse ba, da hayaƙin da yara ba su shaƙa ba. Wanda ya sayi batir domin waɗannan ya yi ciniki mai ma'ana, muddin ya san cewa kwanciyar hankali ya saya.

PVGIS tana da sashe na batir, amma na tsarin da ba ya haɗe da layin kamfani ne. Ana saka ƙarfin faranti, da girman batir, da iyakar da ba za a bari ya sauka ƙasa da ita ba, wadda aka cike da kashi 40 tun farko, adadin da ya fi kusa da na batirin dalma, sai kuma abin da gida ke sha a rana. Amsarta tana da kyau ƙwarai wajen zaɓen girma: kashi nawa na kwanakin shekara batirin zai cika, kashi nawa zai ƙare, wuta nawa ke tafiya a banza saboda babu wurin ajiye ta, nawa kuma gidan ke rasawa. Idan mutum ya riƙa ƙara girman batirin kaɗan-kaɗan yana duba kwanakin da yake ƙarewa, zai ga wurin da ƙari ya daina amfani, kuma wannan gwaji na minti kaɗan yana iya hana shi sayen batir na biyu da zai yi yawancin shekara a cike ba a taɓa shi ba. Raunin sashen shi ne ba ya ɗauke da kuɗi ko kaɗan, bai san tsarin da ke haɗa faranti da batir da layin kamfani wuri guda ba, kuma siffar shan wuta ta kwana ɗaya yake maimaitawa duk shekara, alhali gidan da ke kunna na'urar sanyaya ɗaki a watannin zafi yana da fuska biyu mabambanta.

Akwai wasu abubuwan da babu inda za a saka su a manhajar, kuma dole mai gida ya rubuta su a gefe. Faranti yana tsufa a hankali, kuma binciken da masanan NREL suka tattara daga tsare-tsare masu yawa ya nuna matsakaicin raguwar kusan kashi 0.5 cikin 100 a shekara, wanda zai mayar da 8,000 ta koma kusan 7,060 a shekara ta 25. Wannan ƙaramin abu ne. Wanda ya fi shi shi ne inbata, wadda yawanci ba ta wuce shekara 10 zuwa 15, ke nan sai an sake saye aƙalla sau ɗaya kafin garantin faranti na shekara 25 ya ƙare. Inbatar da ke tare da batir kuma tana da nata cin ko ba a kunna komai ba, kuma idan tana jan wat 50 dare da rana, kWh 438 ke nan a shekara. Tsayayyen kuɗin da wasu kamfanonin wuta ke sa wa a kowace takarda shi ma ba ya gushewa don an sa sola.

Sai kuɗin ruwa. Idan bashi aka ci aka sayi tsarin na maki 400,000 a kan kashi 8 cikin 100, kuɗin ruwan shekarar farko kaɗai 32,000 ne daga cikin ribar 40,800, abin da ya rage na rage uwar kuɗi bai kai 9,000 ba. Ko da kuɗin aljihu ne, akwai abin da za su iya kawowa da an juya su a wata harka, kuma adalci ne a kwatanta. A ɗaya ɓangaren, tashin farashin wuta yana taimakon mai sola, domin duk lokacin da yunit ya ƙara tsada ribarsa ta ƙaru. Sai dai a nan ma ana wuce gona da iri, saboda ƙarin kashi 5 cikin 100 a kowace shekara yana ninka farashi cikin kusan shekara 14, kuma shafin talla da ya zuba wannan zato a ɓoye zai nuna riba mai ɗimbin yawa a shekarun ƙarshe. Gara a yi lissafi da farashin yau, sannan a sake yi da ƙari matsakaici, a ga inda amsoshin biyu suka faɗa. Haka nan jinkiri yana da nasa lissafin, tunda farashin faranti da na batirin lithiyam sun faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma wanda ya sa faranti da inbatar da ke karɓar batir yana iya ƙara batirin daga baya.

Wanda yake son manhaja guda da za ta ɗauki duk waɗannan, akwai SAM ta NREL, wadda ita ma kyauta ce, ana sauke ta a kwamfuta, tana karɓar shan wuta na sa'a-sa'a da tsarin farashi da batir da bashi, ta fitar da shekarun mayar da kuɗi. Amma tana da gurabe masu yawan gaske, kuma ta fi dacewa da injiniya ko mai haɗa sola da ke son ya yi wa abokan cinikinsa lissafi na gaskiya. Ga mai gida, PVGIS da takardar lissafi mai sauƙi sun wadatar. Shafin yana zuwa da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci, kuma ya fi daɗin aiki a kwamfuta fiye da waya saboda taswirar da yawan gurabe.

Amfanin da na fi ba ta maki a kansa shi ne tantance takardar farashin da mai sayarwa ya kawo. A ɗauki ƙarfin farantan da ya rubuta, da karkatar rufin, da fuskarsa, a saka a manhajar, a kwatanta jimillar shekara da tasa. Idan tasa ta ɗara da kashi 5 cikin 100, wannan yana cikin abin da bambancin bayanai da na shekaru ke iya haifarwa. Idan ta ɗara da kashi 20, sai a nemi ya nuna inda ya samo ta. Bayan haka a tambaye shi kashi nawa ya ɗauka gidan zai sha kai tsaye kuma a kan wane dalili, a nawa ya sa rarar, ko ya saka sauyin inbata, sannan a ce ya rubuta shekarun mayar da kuɗi na faranti daban, na batir daban. A ƙarshe a duba sandar watan da ya fi kowane ƙarancin rana a zanen PVGIS, a raba ta da kwanakin watan, a cire abin da gida ke sha da rana, a ga ko abin da ya rage zai iya cika batirin da ake shirin saya, domin adadin kwana 300 da aka gina ribarsa a kai ya dogara ne ga irin waɗannan watanni.